Kurma da Ragar Gadona

Faɗa mafi muni da na taɓa yi da Kurma a kan gado muka yi shi. Gadon ƙarfe, wanda na yi shekara hamsin da ɗaya ina kwana a kai, wanda yayansa, wato mijina, ya cika a kansa.

Ranar na dawo daga kasuwa da ƙunshin auduga a ka, na tura ƙofar ɗaki, sai na ga katifata a ƙasa, an ja mata zani tsaf kamar an yi mini abin kirki. Gadon yana nan tsaye da ƙafafunsa huɗu, amma cikinsa fayau. An yanke ragar wayar da ke riƙe katifa, an kuma goge bakin ƙarfen, babu tsini ko ɗaya da zai kama zani. Ban tsaya tambayar kowa ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai yi sata ya tsaya yana gyara aikin.

Ɗakinsa yana ƙarshen layinmu, bayan famfo. Na same shi a bakin ƙofa yana wanke hannu da kananzir.

"Kurma! Ina ragar gadona?"

"Lafiya lau, Yaya. Ya kasuwa?"

"Kasuwar ta ci kanka. Na ce ina ragar gadona?"

Kurumtar Kurma iri biyu ce. Akwai wadda ƙarar injin wurin aikinsa ta ba shi, akwai wadda yake ɗaukowa idan ya ga ni. Na matsa daf da kunnensa na hagu, mai ɗan sauran rai, na maimaita har matan da ke layin famfo suka ajiye bokitai suka juyo.

Ya ce, "Na ara."

"Wa ya ara maka?"

"Ai gadon yayana ne."

"Yayanka ya saya, ni na kwanta. 'Ya'ya shida na haifa a kansa. Kai ko ƙusa ɗaya ka taɓa kawowa gidan nan? Tsoho da kai, furfura har cikin kunne, ka rasa abin sata sai wurin kwanan matar yayanka!"

Ban bar masa komai ba. Na tuna masa shekarun da ya yi yana cin tukunyata kafin ya yi aure, na tuna masa wandon da ya ƙone da walda na yi masa faci sau huɗu. Yana tsaye yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da na tsaya jan numfashi, sai ya shiga ɗaki ya fito da buhu, ya kama gindinsa ya zazzage a gabana.

Huluna ne, guda bakwai. Waɗansu sun ƙone rabi, audugar ta leƙo baƙa wuluk. Ɗaya kuwa lafiyarta ƙalau, sai dai igiyar haɓa da ta tsinke.

Ya ce, "Yaya, ɗinkin wa ne wannan?"

Ɗinkina ne. Shekara talatin ina ɗinka wa masu shiga tankar yaƙi hula, irin mai kauri wadda ake cusa wa auduga layi-layi don kada ƙarfe ya fasa musu kai idan tanka ta faɗa rami. Kowace hula nakan yi mata ƙulli uku a bayan kunnen dama, kada zare ya warware. Na duba, ƙullina ne a kan duk bakwai ɗin. Biyu ma na san kawunan da na auna.

Ya ce, "Wata biyar ina ɓoye miki su. Su Auta za su tafi fagen daga nan da kwana tara."

Auta ɗana ne na ƙarshe. Sunan ne kawai ƙarami: shekararsa talatin da takwas, 'ya'yansa uku, saje ne, shi ke zama a saman tanka yana leƙe yana ba direba umarni. Na zauna a kan dutsen bakin ƙofar Kurma.

Bari in faɗi ko wane ne Kurma. Ƙanen mijina ne, kuma tun yana saurayi ya shiga garejin bariki, inda ake gyaran tankoki. Ba soja ba ne, bai taɓa harba ko ɗan dutse ba. Makanike ne kuma mai walda. Shekara talatin da shida ya yi a cikin rumfar garejin mai rufin kwano, inda in aka tayar da injin guda sai kofin shayi ya yi tafiya da kansa a kan tebur. Can ya bar kunnuwansa. Da suka tafi sai ya koma ji da haƙori. Yakan ciji gindin sifana, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya lumshe ido, can ya tofar da yawu ya ce, "Fistin na huɗu ne ke tari." A buɗe a ga haka ne. Haƙoransa biyu na gaba sun tafi a wannan sana'a. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce ita dai ta auri rabin mutum, sauran rabin yana ƙarƙashin tanka.

Bai iya hira ba, bai iya gaisuwar biki ba, kyautar da ya taɓa kawo wa jaririn wani ita ce ƙaramar guduma. Amma idan tanka ta dawo daga fagen daga a kan tirela, shi ke fara shiga ciki kafin kowa, shi kaɗai, ya rufe murfi. Sai ya share abin da ya tarar ya wanke, sannan ya bar sauran ma'aikata su hau. Ba wanda ya sa shi. Ya ce akwai abin da bai kamata mai ƙananan 'ya'ya ya gani ba.

Cikin wannan sharar ce ya lura da abin da ya sa shi satar gadona. Da can, in ji shi, ramin harbin da ke kashe mutane a gefen tanka yake ko a gaba, inda ƙarfe ke da kauri kamar bango. Amma tun da aka fara yaƙi da ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, waɗanda sojoji ke kira zanzaro, sai ramin ya koma sama. Abu ne da bai fi faranti ba, ya zo yana zuzu, ya tsaya a kan tanka, ya saki bam daidai rufi, inda ƙarfen ya fi ko'ina sirantaka. Duk hulunan nan bakwai ta sama mutuwa ta shigo musu.

Dabarar Kurma ba ta da wuya. Ya ce a kafa raga a saman tanka kamar rumfa, da tazara, don bam ya fashe a kan raga maimakon a kan rufi. Ya je sito neman waya, mai sito ya ce babu takarda. Ya je neman takarda, aka ce an hana taɓa fasalin tanka, kuma ma kada ya wahalar da kansa, don ana shirin karɓe rumfar a mayar da ita wurin haɗa zanzaro. Zamanin tanka ya wuce, haka aka ce masa. Ya fito daga ofis, ya biyo ta gidana don ya sha ruwa, ya tarar ba na nan, idonsa ya faɗa kan gado.

Na ce, "To me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ce, "Da kin hana."

Gaskiyarsa. Da na hana.

Washegari na ɗauki huluna goma da na gama na nufi bariki. Masu gadin ƙofa sun san ni tun suna kurtu, ba mai tambayata inda za ni. Na miƙa kaya a sito, na zarce gareji. Can ƙuryar rumfa na hango tankar su Auta, da ragar gadona a kanta bisa sanduna huɗu. Har wurin da wayar ta lotsa a gefen da mijina ke kwana na gane.

Kurma yana sama yana washe giɓi. Ya ce, "Kin gani?" Ya shige cikin tankar, ya tura murfi ya fito, ya sulale ta gefe tsakanin rufi da raga kamar ƙadangare, ya diro ƙasa. "Ƙiftawar ido an fita."

Na dubi ragar, na dubi Kurma. Mutum ne kamar tsinken tsintsiya, in ya juya gefe sai an neme shi.

Na ce, "Da jikin wa ka auna?"

"Na'am?"

"Kar ka yi mini na'am. Da jikin wa ka auna tazarar nan?"

"Da nawa mana."

"A kira mini Auta."

Aka kira shi. Duk rigar da aka taɓa ba Auta a aikin soja sai na farke kafaɗa na ƙara ƙyalle, don haka ba na bukatar igiyar awo in san faɗinsa. Na ce ya sa hularsa, ya sa rigar sulkensa, ya shiga ya fito yadda zai fito in wuta ta kama. Ya ce, "Inna, ana kallonmu fa." Na ce to a kalla.

Ya shiga. Ya tura murfi, kansa ya fito, hula ta daki raga. Ya karkace zai bi ta gefe, kafaɗa ta maƙale a sanda, sulke ya kama waya. Ga ƙato yana wutsil-wutsil, rabi a ciki rabi a waje, ma'aikata suna ta dariya, wani yana cewa a kawo man girki. Ni ban yi dariya ba. Kurma ma ya daina.

Na ce, "Wannan lafiyayye ke nan. In an ji masa rauni fa, ta ina za a jawo shi? Kai rumfa ka yi wa ɗana ko keji?"

Kurma ya matso kusa da tankar. Ya hau, ya taimaki Auta ya fito, ya zauna a bakin murfin ya riƙe kai. Shekara talatin da shida ba wanda ya taɓa gyara masa aiki, yau ga tela, telar ma mace, macen ma ni. Na ga abin ya soke shi, amma ba ni da lokacin lallashi.

Na ce, "Ka buɗe ƙofa a ragar, daidai saman murfi. Faɗinta taƙi uku da yatsa huɗu, taƙina ba naka ba. Kada ka sa sakata. Wanda hannunsa ya ƙone ba ya zare sakata. Da ka zai ture ta."

Ya ce, "In babu sakata za ta yi ta faɗuwa tana tashi a hanya."

Na kwance bakin zanina na ciro robar da nake sa wa ƙugun wando, na ninka ta huɗu na miƙa masa. "Ɗaure da wannan. Tana riƙe wandon manyan hafsoshi da tumbinsu, ba za ta kasa riƙe ƙofarka ba."

Ya ja robar, ya sake ta, ya kuma ja. Can ya ce, "Yaya, da namiji ce ke da an sha wuya."

Na ce, "Yanzu ma ana sha."

Kafin la'asar ya yanke, ya sake waldawa, ya ƙara wa sandunan tsawo. Auta ya fito sau biyar a jere, sau ɗaya ma mutum biyu suka jawo shi ta sama yana yin kamar ya suma. Da ya sauko sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baffa, mu fa tanka huɗu ne a rukuninmu. Ba zan shiga mai rumfa abokaina su shiga tsirara ba. Gara a cire tawa."

Ka ji ɗan ubansa. Na so in kwaɗa masa mari, amma na san ba zai sauya ba. Kurma ya lissafa: kowace tanka tana son raga biyu in ana son a rufe har bayan injin. Takwas ke nan, muna da ɗaya.

Na bi layinmu gida-gida da buhun hulunan nan. Ban roƙi kowa ba. In na shiga sai in zazzage su a tsakar gida in ce ga abin da ke dawowa, ga abin da Kurma ke son yi, wa ke da gadon ƙarfe? Matar mai gyaran rediyo ta ba da nata kafin in rufe baki. Ungozoma ta ce dama bayanta ya fi son ƙasa. Matar direban motar asibiti ta ce sai mijinta ya dawo, na ce in ya dawo ki ce masa ni na ɗauka, ya zo ya same ni. Bai zo ba. Mai wanki, wadda mijin 'yarta ke tuƙa ɗaya daga cikin tankokin, ta kawo nata ta kuma je ta ciro na uwarta. Kwana uku muka tara bakwai. A amalanken mai ruwa muka kai su bariki, na lulluɓe da buhunan auduga. Mai gadi ya ɗaga gefe ya leƙa, ya dube ni, ya sauke, ya ce, "Mama, audugar bana da nauyi." Na ce, "Ruwa ta sha."

Ana gobe za a loda tankokin a jirgin ƙasa sai ga Mai Gilashi. Kyaftin ne, matashi, shi aka turo ya karɓi rumfar ya fara aikin zanzaro. Ina wurin, na kawo sauran roba. Ya zagaya tankokin huɗu hannu a baya, ya tsaya a gaban ta Auta, ya cire gilashi ya goge ya mayar.

"Wa ya ba da izinin wannan?"

Kurma ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai."

Wani ya raɗa wa kyaftin cewa sai ya ɗaga murya. Ya ɗaga. Kurma ya ce, "Ba kowa. Ni na yi."

Ba zan yi masa ƙarya ba, Mai Gilashi ba wawa ba ne, kuma bai yi rashin kunya ba. Ya ce, "Baba, na san hannunka, kowa ya san shi. Amma kana yi wa gawa kwalliya ne. Abin da bai kai kuɗin babur ba yana ƙone abin da ya fi kuɗin asibiti guda. Yau ka sa raga, gobe su turo biyu, na farko ya yage ragar, na biyu ya shiga. Ka ƙara wa tanka tsawo, an fi hango ta daga nesa. Nan da shekara goma ba mai shiga cikin akwatin nan. Yaƙi ya koma sama."

Kurma ya ajiye abin waldarsa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ce, "Yallaɓai, sau uku ana yi wa tanka jana'iza a gabana. Da aka kawo roka ta kafaɗa an ce ta mutu, muka ƙara mata ƙarfe a haƙarƙari. Da aka cika hanyoyi da nakiya an ce ta mutu, muka ƙara mata a ciki. Yanzu ga zanzaro. Na yarda yana gani, na yarda yana kisa. Amma ka taɓa ganin zanzaro ya tsaya a bakin gada kwana uku ya hana mutum wucewa? Ka taɓa ganin ya yi wa masu tafiya a ƙasa garkuwa sun tsallake fili? In batirinsa ya ƙare gida yake komawa. Ƙasa kuwa sai wanda ya zauna a kanta."

Kyaftin ya ce, "Wannan maganar manya ce, ba tawa ba, ba taka ba. Doka ta ce kada a taɓa. A cire."

Nan na sa baki. Na ce, "Ɗan nan, ni ban yi boko ba, ka yi mini bayani a hankali. Ka ce zamanin abin nan ya wuce?"

"Haka ne, Mama."

"To me ya sa gobe za ku zuba ɗana a ciki?"

Ya gyara zaman gilashinsa.

Na ce, "In ta mutu, ku binne ta ku ba ni ɗana mu tafi gida, wallahi ba zan yi muku kuka ba. Ban taɓa son ta ba, ta cinye mini kunnen ƙanen miji, ta cinye mini kawunan da na auna. In kuwa ba ku da abin da za ku tura sai ita, to ba ta mutu ba, kuma ba za ta tafi da ɗana kai a buɗe ba. Zaɓi ɗaya. Ba za ku ce ta mutu a ofis, ta yi rai a jirgin ƙasa ba."

Ya ce, "Mama, ba ni na tsara ba."

"Na sani. Wanda ya tsara ba ya zuwa inda ake amsa tambaya, shi ya sa ya turo ka."

Ya juya ga ma'aikata ya ce a kawo abin yanka. Sai Kurma ya yi gyaran murya. Ya ce, "Yallaɓai, ban ɗaura da ƙusa ba. Walda ce, layi uku-uku, har cikin gindin sanda. In aka yanke da gaggawa za a ji wa rufin rauni, sai an sake duba kowace. A cire da kyau, kwana uku ne. Jirgi kuma gobe da hantsi."

Mai Gilashi ya hau da kansa ya duba gindin sandunan. Ya daɗe a sama. Na ga ya tura ƙofar ragar da tafin hannu, ta buɗe, roba ta dawo da ita. Ya sauko ya kakkaɓe gwiwa.

Ya ce, "Da gangan ka yi."

Kurma ya ce, "Ban iya walda marar kyau ba."

"Ka san sai na rubuta?"

"Rubuta. Ka sa sunana shi kaɗai, waɗannan ba su taɓa ba."

Tankoki huɗu suka tafi da gadajen layinmu a ka. Bayan mako biyu takarda ta fito: an sallami Kurma, saura wata bakwai ya yi ritaya da mutuncinsa. Ya kwaso sifanarsa mai shaidar haƙori da kofin shayinsa ya dawo gida. Mu kuwa layi guda muka koma kwanan ƙasa. In muka haɗu a famfo da safe kowa riƙe da ƙugu, sai ungozoma ta ce, "Sannunku, sojoji."

Wata huɗu babu labari mai daɗi, babu marar daɗi. Rannan da azahar ina kan keke sai na ji an yi sallama da murya kamar ana kiran wani a hayin kogi. Auta ne. Hannunsa na dama a naɗe har kafaɗa, gefen fuskarsa ya yi sabuwar fata, kunne ɗaya ya tafi hutu. Hularsa tana kansa, ta babbake ta baya, ƙullina uku suna nan.

Ya ce zanzaro biyu suka zo musu, kamar yadda Mai Gilashi ya faɗa. Na farko ya fashe a kan raga ya yage ta. Na biyu ya sami bayan injin, wuta ta kama. Hannunsa ya riga ya ƙone, da ka ya ture ƙofar, ya fita, ya jawo na ƙasa da shi da hannun hagu. Su uku duk sun fita. Tankoki biyu ba abin da ya same su. Ta huɗu kuwa, wadda mijin 'yar mai wanki ke tuƙawa, ba ta sama aka zo mata ba, ta gefe ne, kuma ba wanda ya fito.

Wannan ta huɗun ita Kurma ya ɗauka ya ɗora a ka. Ya je gidan mai wanki ya durƙusa, ita ce ma ta riƙa ba shi haƙuri. Ya ce wataƙila tsawon da ya ƙara ne ya sa aka hango su. Ba wanda ya san haka, shi ma bai sani ba, amma ya riƙe. Ya daina fitowa bakin ƙofa. Ko da labari ya zo cewa an raba rumfar biyu, rabi ana haɗa zanzaro, rabi ana kafa wa tankoki raga, ragar kamfani mai lamba, da ƙofa a sama wadda ake turewa da ka, bai je ya gani ba. Ba wanda ya zo ya ce masa sannu. Auta ya ce Mai Gilashi ne ya kai zanen sama. Ban sani ba ko ya ambaci sunan Kurma. Robar wandona dai na tabbata bai ambata ba.

Da ciwon ƙirji ya matsa masa, 'yarsa ta fari ta zo ta ce zai koma wurinta, can wani gari mai asibiti. Ni da Auta muka raka shi tasha. An sa shi a gaba kusa da direba, ƙullin kayansa a cinya, sifana ta leƙo. Ya zauna a takure kamar wanda za a kai kotu. Ya yafuto ni ta taga.

Ya ce, "Yaya, yaron nan fa ƙila shi ke da gaskiya. Nan da shekara goma ba tanka, ba makanikenta. Na ba da kunne, na ba da haƙori, a kan abin da za a yanka a sayar wa 'yan gwangwan. Ko ta huɗun ma ban..."

Direba ya riga ya tayar da mota. Ban san ba zan ƙara ganinsa ba, bai kai ƙarshen shekarar ba. Da na sani ma abin da zan faɗa ke nan. Na kama kunnensa na hagu na jawo shi waje, na ɗaga murya yadda duk tashar sai da ta juyo.

Na ce, "Kurma, ka ji ni da kyau, kada ka yi mini na'am. Ko gobe su narkar da tankokin duniya su yi cokula da su, ba ruwana. Huluna bakwai ka zazzage mini babu kowa a ciki. Ta Auta da kai a cikinta ta dawo, kuma kai ka yi wannan, kai da gadona. Ɗaga kanka, tsohon ɓarawo. Ba a korar mutum daga aikin da ya riga ya gama."